An Yi wa Majami'armu Rufin Kwano

Yelwa, Mubi

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da Maman Rahila da yara duka. Yaya ciwon ƙafar nan? Yaya zaman Garwa? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, an yi wa majami'armu ta Metodis rufin kwano, ran Lahadi muka yi sujadar farko a ciki. Jama'a har waje, har da manoman Wuro Patuji. Na tsaya a bakin ƙofa ina tuna shekarar ƙuri'ar raba gardama, da muka fara taruwa mu shida a zaurenka, kana karanta mana Littafi, marigayiya matata tana ɗaukar waƙa.

Sai wata mai nuna wa mutane wurin zama ta ce mini, "Baba, baƙo ne kai? Zo in zaunar da kai."

Na ce, "To, 'yata." Na bi ta na zauna can baya. Ban ji haushi ba, ai abin da muka roƙa ke nan. Amma da aka fara waƙa na waiga ban ga ko mutum ɗaya da zan ce wa "ka tuna?" ba. Sai na kasa rerawa.

Fasto ya ce in ba da tarihin ikilisiya ranar keɓe majami'ar, bayan girbi. Ka gai da kowa, ku sa ni cikin addu'a. Kuma ka zo, Yaya, ko kwana biyu ne. Ni kaɗai ba zan iya tsayawa a gabansu ba.

Ƙaninka,
Yohanna