Ganyen Mai Jan Ɓawo

Zuwa ga Inna Rena,

Ina gaishe ki da kyau. Ya birnin Flagstaff, ya aiki? Kaka da tumaki suna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Inna, akwai abin da na kasa faɗa da baki. Da aka ƙona kayan yayana, bayan ruwa ya tafi da shi a kwazazzabo, na ɓoye abu ɗaya. Ganyen bishiyar nan ne mai jan ɓawo ta bakin maɓuɓɓuga, waɗanda ya yanko ya danne tsakanin jaridu don malaminsa na jami'a. Suna ƙarƙashin katifata. Yanzu da rana tsaka, babu ko iska, sai in ji suna kaɗawa kamar suna kan reshe. Shi ne, Inna? Ina jin tsoro, amma ba na son rabuwa da su.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Dezba

Dezba,

Na amsa gaisuwarki. Kashe ni kike son yi? Wanda ya tafi ko sunansa ba ma kira, ke kuma kina kwana a kan kayansa! Ki ƙona su tun iskarsa ba ta kama ki ba, ko ta kama Kaka. In ba za ki iya ba, ki gaya mata. Ga safa da alewa na aiko. Ki rage hira da tumaki, ki riƙa yi da mutane.

Ki gaida gida.
Innarki

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Safar ta yi mini daidai.

Na gaya wa Kaka tana murza ƙullun fulawa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ke 'yar ɓera, kin ɗauka kurma ce ni? Tun bazara nake jin su."

Na ce, "Shi ne?"

Ta ce, "Ina! Bishiyar ce. Kina wurin lokacin da ya yanka. Ya barbaɗa mata garin furen masara kamar yadda al'ada ta ce? Ya faɗa mata dalili?"

Na ce a'a. Na tuna har na miƙa masa jakar garin, ya ja mini hanci ya ce, "Ƙaramar kaka, ajiye, hadari na tasowa."

Kaka ta ce, "Karatu ya sa shi sauri. Uwa ce take kiran 'ya'yanta. Ki gaya wa innarki ta birni, ba a ƙona 'ya'yan wani. Mayar da su ake yi."

Asabar za mu je, ita a kan doki, ni a ƙasa. Bishiyar tana cikin kwazazzabon, ban sake shiga ba tun ranar da ruwa ya tafi da shi.

Sai na ji daga gare ki.
Dezba

Inna,

Ina gaisuwa. Mun je. Wurin da wuƙarsa ta taɓa yana nan, ɓawon ya fara rufewa. Na barbaɗa garin, na ba bishiyar haƙuri a madadinsa, na saki ganyen a ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta ce na yi daidai.

Ɗakin ya yi tsit. Jiya da rana na kwanta na manna kunnena a katifa har tumaki suka fara kuka. Ban ji komai ba.

Inna, ina ma a ce shi ne.

Ki huta lafiya.
Dezba