Yaya, Ƙaninki Ya Ce Ba Zai Koma Asibiti Ba

Zuwa ga Yayarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwata ta girmamawa, irin wadda zan durƙusa in yi da a gabanki nake, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku daga irin abin da muke gani. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shafa man da aka ba ki, ba ajiye shi kika yi a saman kabad kina cewa da sauƙi ba. Mun ji labarin haihuwar matar Dogo, Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Mu nan yara lafiya lau. Takwararki ta gama jarrabawa tana gida, ita ce hannuna na dama yanzu. Auta kuwa haƙoranta na gaba sun zube, tana yawo da giɓi tana cewa ɓera ne ya ara zai dawo mata da su.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannu. Kin san gidan namu, ɗaki biyu ne a saman gidan burodi, in na yi tari a kicin ƙaninki yana jina daga kan gado. Sau da yawa na sauka ƙasa na kira ki da niyyar in faɗa, da na ji muryarki sai in ɓuge da tambayar jikoki. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya, abin da ƙaninki yake gaya miki a waya ba haka yake ba. Duk sanda kiranki ya shigo sai ya sa in tada shi in tokare masa baya da filo, ya kurɓi ruwa ya jiƙa baki, ya tattaro 'yar muryar da ta rage masa ya yi ta tsokanarki, kina dariya. Da kin ajiye waya sai ya zame ya rufe ido kamar wanda ya sauke motar fulawa shi kaɗai.

Kin dai san an ce sankara ce ta fito masa a wuya, kuma an sa shi a kan maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya, wanda suke kira kemo. Zagaye shida likita ta ce za a yi, an yi huɗu. Ranar magani da sassafe muke fita. Wani dogon ɗaki ne, kujeru a jere jikin bango, kowa da ƙarfen ledar ruwa a gefensa, ba mai kallon idon wani. Nas ɗin da ke sa masa allura tana da kirki, amma jijiyoyin hannunsa sun ɓuya, sai ta yi ta lalube tana ba shi haƙuri, shi kuma yana ce mata ta nema a hankali, ba gudu za su yi ba. Akwai wani jan magani a ciki, da ya hango shi a kan tire zuciyarsa ke fara tashi. Ranar farko da ta biyu da ɗan dama-dama. Daga nan sai amai, sai baki ya fashe har harshe, ruwan sha ma ya ce ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa. Gashin kai ya tafi, gira ta tafi. Gemun nan da kike cewa ya yi kama da na Baba, wata safiya na tarar da shi a kan filo, na tattara da sauri na zuba a aljihu don kada ya gani, ashe ya riga ya gani. Yatsunsa sun mutu, maɓallin riga ba ya iya sawa. Mutumin da ke taɓa kwaɓi da ɗan yatsa ya gane ko ya tashi.

Duk wannan da za mu iya ɗauka, da ba don zafin bana ba. Ban taɓa ganin bazara irin wannan ba. Tun hantsi bango ke ɗaukar zafi, ruwan famfo ya fito kamar an dafa shi, kwalta a bakin titi har laushi take yi. Mu kuma kin san tanderu a ƙarƙashin ɗakin kwananmu yake. Da can ko a jikinmu, lokacin sanyi ma har daɗi muke ji. Yanzu daɓen ɗakin ba ya takuwa ba takalmi. Na mayar da shi ɗakin yara, na rataya jiƙaƙƙen zanin gado a taga, fanka na kaɗawa in akwai wuta, in an ɗauke mu karɓi mafici ni da takwararki, hannu ya gaji a sauya. Ina jiƙa tawul in shimfiɗa masa a ƙirji, kafin in juyo ya bushe. Ƙanƙara nake fasa masa ƙanana yana tsotsa, ita kaɗai bakin ke karɓa ba gardama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙamshin burodi. Shekara da shekaru a cikinsa yake, da shi ya aure ni, da shi ya raini 'ya'yansa, yau da an buɗe tanderu ƙamshin ya hauro bene sai ya nemi robar amai. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na roƙi Sarkin Wuta, tsohon nan da suka fara gashi tare, ya daina gashin rana. Da ƙaninki ya ji shiru a ƙasa ya gane, ya yi faɗa sosai, wai mutane nawa ke ci daga tanderun nan, ba za a kashe wuta don mutum ɗaya yana kwance ba. Dole aka mayar.

Tun farko likita ta ja mini kunne cewa maganin yana karya garkuwar jiki, in ya yi zazzaɓi ko kaɗan kada in jira, in kawo shi. To Yaya, a garin da kujera ma ke da zazzaɓi, ta ina zan gane nasa? Na zama kamar mahaukaciya, ina taɓa goshinsa ina taɓa nawa, ina sa masa ma'aunin zafi har ya ce in ƙyale hammatarsa ta huta. Bayan zagaye na huɗu abin da nake tsoro ya faru. Da rana tsaka ne, an ɗauke wuta, na shiga kicin dafa masa 'yar shinkafa. Sai na ji faɗuwar abu. Na tarar da shi a ƙofar banɗaki, jikinsa na karkarwa, haƙora na haɗuwa, wai sanyi yake ji, a wannan rana da tsuntsu ma ya nemi inuwa. Na kira sunansa, abin da ban taɓa yi a gaban yara ba, bai amsa ba. Na leƙa taga na ƙwala ihu. Sarkin Wuta da masu kwaɓi suka hauro da fulawa a hannuwansu, benen ya yi ƙunci ba a iya ɗaukarsa mutum biyu a jere, sai suka ɗora shi a kan katakon da ake jera burodi suka sauko da shi. A bayan motar rabon burodi muka kai shi, kansa a cinyata, tsohon nan yana tofa masa addu'a yana kuka. Ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa. Likita ta ce da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Mun fi mako a kwance kafin a sallame mu.

Tun da muka dawo gida ya ce shi ya gama. Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ne da na san yadda zan yi da shi. A hankali ya ce ba zai ƙara komawa ɗakin nan mai kujeru ba, in kwana ya ƙare ya ƙare, gara ya tafi yana jin ɗanɗanon ruwa a bakinsa. Na ɗauka zafin ciwo ne, zai huce. Ranar zagaye na biyar ta zo, na shirya jaka, na goge masa riga, ya juya fuska bango. Na je ni kaɗai na samu likita. Ta nuna mini hoton da aka ɗauka, ta ce kumburin ya janye ƙwarai, irin wannan sankarar tana jin magani, mutane da yawa suna warkewa su koma aikinsu, amma sai an kai ƙarshe. In aka tsaya a nan za ta iya farfaɗowa, kuma in ta dawo ba lalle ta ji maganin kamar da ba. Ta ce za ta rage ƙarfinsa, ta ƙara wata allura mai taimakon jini, za ta iya ɗaga mana ƙafa kaɗan amma ba da yawa ba. Har waya ta kira shi da kanta. Ya gode mata da ladabi, ya yi mata addu'a, ya ce a'a.

Ba wanda ban haɗa shi da shi ba. Limaminmu ya zo ya zauna da shi, ya gaya masa neman magani ba ya karo da tawakkali. Abokansa sun zo. Masu dubiya kuwa kowa da nasa, wannan ta kawo saiwa a leda, wancan ya ce akwai wani mai ruwan magani a bayan gari, har wata maƙwabciya ta ce ai allurar ce ke kashe mutane ba ciwon ba, a gabansa ta faɗa, na rasa inda zan sa kaina. Takwararki ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ya shafa kanta ya ce ta tashi ta wanke fuska. Shekaranjiya haƙurina ya ƙare. Na ɗaga masa murya, Yaya, har ƙasa an ji. Na ce son kai ne, na ce mun yi iyo mun ci rabin kogi ya ce zai saki hannuna, na ce wa zai bar wa yaran nan. Ya bari sai da na yi shiru, sannan ya ce yana ganina. Yana ganin yadda nake cin abinci a tsaye a bayan ƙofar kicin don kada ƙamshi ya kai masa, yana ganin zanina ya fara zagaye ni sau biyu, yana jin yadda nake wanke robar amai ina danne nawa. Ya ce ranar da aka sauko da shi a kan katako idonsa biyu, ya ga fuskata, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai ƙara sa ni a wannan hali ba. Wai ciwo ɗaya ba zai ci mutum biyu ba.

Kin ji inda maganar take. Tausayina yake ji, kuma tausayin nan shi zai kashe shi. Ni duk abin da na faɗa, gani yake ƙarfin hali nake yi. In na ce ban gaji ba ya san ƙarya ne, na gaji, gajiyar da ban san akwai irinta ba. Amma na yarda in yi ta wanke roba har ƙarshen raina, da dai in share ɗakin nan in ga gadon ba kowa. Na rasa bakin da zan gaya masa ya yarda. Jiya da na ga ya ɗan sake, na tambaye shi ko akwai wanda ya isa ya sa shi shan magani a duniyar nan. Ya yi murmushi da fasasshen bakinsa, ya ce mutum ɗaya ce, wadda bayan rasuwar Inna take danne shi da gwiwa ta toshe masa hanci ta ɗura masa, ko ya so ko ya ƙi.

Don haka na zo gare ki. Na san nisa, na san gwiwarki, na san Malam ba ya jin daɗin jikinsa shi ma, kuma ban manta yadda doguwar tafiya ke wahalar da ke ba. Da akwai wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa ba, da ban ɗora miki wannan ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ke kika goya shi, ke ce uwar da ya sani. Ki yi wa Allah ki zo, ko na 'yan kwanaki ne. Ba waya ba, a waya zai yi miki dariya ya ce ina ƙara gishiri. Ki zo ki zauna a bakin gadonsa, ki nuna masa ba ni kaɗai ce ke ɗauke da shi ba, wataƙila in ya ga an kama mini ya yarda ya ƙarasa biyun nan. In kin sa rana ki sanar da takwararki, ba ni ba, za ta je ta tarye ki a tasha. Bai san na rubuto ba.

Ki gaida mini Malam da kyau, ki ce ina neman addu'arsa da kuma izininsa. Ina gaida Dogo da mai jego da jariri, da Kawu in kin samu mai zuwa wajensa, amma kada a gaya masa komai tukuna saboda hawan jininsa. Ina gaida Goggo da 'yan biyunta, da duk wanda ya tambaye mu. Takwararki da Auta suna gaishe ki, Sarkin Wuta ma ya ce in na rubuta in sa gaisuwarsa.

Abu ɗaya nake roƙonki in Allah Ya kawo ki. Wanda za ki gani ba shi ne wanda kika sani ba, kuma idonki zai fara duba. Kafin ki hau benen, akwai wani lungu a bayan buhunan fulawa inda ƙarar injin kwaɓi ke rufe murya. Ki tsaya a nan ki yi kukanki ya ishe ki, ki wanke fuska, sannan ki hauro. Ni ma a nan nake yin nawa.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya sa ki same shi.

Taki mai jiran isowarki,
Matar ƙaninki.