Kwamfutar Da Ba Ta San Mun Yi Yawa Ba

Litinin, 3 ga Maris
Layin karɓar magani ya kai bakin ƙofar asibiti tun da hantsi. Aikina jera mutane a benci da kiran suna, to me zan kira? Yaya, wanda ke aikin kwamfuta, ya buga suna, kwamfuta ta tsaya tana juya ɗan zoben nan nata kamar mai laluben guga a rijiya. Na ɗaure igiyar takalmin Dogo mai gadi a ƙafar kujera. Ya faɗi, ba wanda ya yi dariya.

Talata, 4 ga Maris
Tsohuwar nan mai ciwon suga, wadda nake kira Amarya, ta zo. Daga nesa take, kullum ita ce a wutsiyar layi. Na ɓoye sandarta bayan ƙofa. Ta ce, "Angon banza, miji ba ko sabulu!" Aka rufe tagar ba da magani ba a kai kanta ba. A nan ba a ba ka ko ƙwaya sai kwamfuta ta fito da sunanka. Na ce mata jibi.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ya nuna min wani shafi. Jerin marasa lafiya yake kira tebur, ni dai ban ga ƙafafu ba. Ya ce kafin kwamfuta ta nemo suna, sai ta duba ƙidayar da ta taɓa yi: mutum nawa ne a teburin, wane suna ne ya fi yawa. Da wannan take zaɓar hanya. Ƙidayarta ta ƙarshe tun makon da aka buɗe asibitin ce. A ganinta ba mu fi cikin ɗaki ɗaya ba, shi ya sa take bin mu ɗaya bayan ɗaya daga farko, ta bar gajeriyar hanya. Na ce ashe gardi ce da ta daina tilawa. Bai ko murmusa ba. Wai ranar Lahadi aka tsara mata ta sake ƙirga mu, ran da Manaja ke sa a kashe komai.
Amarya ta dawo. Na so in tura ta gaba, layi ya taso min kamar zai cinye ni. Ta bar min katinta, leɓenta duk ya bushe.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya roƙi a bar janareta a kunne gobe. Manaja ya ce, "Da man fetur ɗin gidanku?"

Litinin, 10 ga Maris
Yaya ya sa kwamfuta ta yi ƙidayar da tsakar rana, bai nemi izini ba. Komai ya tsaya cak. Ihu, zagi, wani ya doki taga. Manaja ya ce Yaya ya kwashe kayansa. Yana fita ƙidaya ta ƙare, suna ya koma fitowa kafin ka ɗaga yatsa. Manaja ya ce, "Kun gani? Da ma shi ne matsalar."
A gida Umma ta zuba masa abinci, bai taɓa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na miƙa wa sabon mai kwamfuta katin Amarya. Nan take sunanta ya fito. Na kira har sai da muryata ta dushe.

Alhamis, 13 ga Maris
Jikar Amarya ta zo da sandar. Tun Lahadi aka kai Amarya makwancinta. Wai ta ce a kawo wa angon banza, ya ɓoye ya huta.

Asabar, 15 ga Maris
Sandar na jingine a gefen benci, inda kowa zai gani. Wani tsoho ya dogara da ita zuwa taga.
Dogo ya cire takalmi ya tafi alwala, igiya a kwance. Na wuce. Bayana ne ke ciwo, sunkuyawa wahala, shi ke nan.