Akwatin da Aka Ce Kai Ka Haɗa

Zuwa ga Yayana Sale kafinta, a Damagaram ko duk inda wannan takarda ta same ka. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Inna tana gaishe ka, mutanen Bebeji suna tambayarka.

Yaya, damina ta uku ke nan ba ka gida.

Ka tuna ranar da motar Baturen nan mai sayen gyaɗa, Bafaranshe, ta faɗa rami a hanyar Ƙofa, ƙafar kabad ɗinsa ta karye, aka kawo maka gyara? Baƙi ne wuluk, yana sheƙi har mutum ya ga fuskarsa, da tsuntsaye da jiragen ruwa na ruwan zinariya. Tafintan Baturen, Malam Iro, ya ce kafintocin ƙasar Faransa ne suka yi shi tun zamanin sarakunansu. A shafa wani irin ƙaro, a bari ya bushe, a goge, a sake shafawa, har shekara ta zagayo.

Ka yini kana zagaya shi. Ka ce da ni, "Hajara, wanda ya yi wannan bai san gaggawa ba."

Da ka gama, Malam Iro ya ce Bature yana so ka bi su ka koyi aikin. Tun ranar ban yarda da shi ba. Bature ya yi magana kaɗan, shi kuwa ya yi ta zuba. Na gaya maka, ka yi dariya ka ce na cika zargi.

Ran kasuwar da ta wuce sai ga Malam Iro, shi kaɗai, cikin sabuwar riga. Ya ce kana lafiya, aiki ne ya riƙe ka. Ya miƙa wa Inna ɗan baƙin akwati, wai kai ka haɗa mata. Wai kuma ka ce a ba shi zartonka da gizago da sauran kayan aikin Baba, a damƙa masa gonarka ta bakin rafi.

Na juya akwatin. Ƙusoshi ne a kowace kusurwa, har ɗaya ta tsaga katakon. Fentin kuwa yana kama hannu. Kai da kake sassaƙa katako ya shige cikin ɗan'uwansa, yaushe ka koma haka? Na tambaye shi unguwar da kake, ya ce, "Kusa da kasuwa." Da Kawu ya sake tambayarsa bayan la'asar, ya ce bayan barikin soja.

Ban ba shi ko guduma ba. Kawu ya ce maganar gona sai mai ita ya zo. Ya tafi ransa a ɓace, bai ko sha furar da aka dama masa ba.

Inna kuwa ta ajiye akwatin a gefen gadonta. Kullum sai ta goge shi da bakin zanenta, ta nuna wa duk macen da ta shigo. Na kasa gaya mata abin da na gani.

Yaya, na ba wa fataken shanu wannan takarda. In tana hannunka, kada ka aiko da kaya, kada ka aiko da saƙo ta bakin kowa. Ka faɗa wa madugunsu sunan da nake tsokanarka da shi muna yara. Wannan sunan kaɗai zan yarda da shi.

Allah ya tsare ka inda kake, ya raba ka da mugun abokin tafiya, ya dawo mana da kai Inna tana da rai. Amin.

Ƙanwarka,
Hajara