Ta Bar 'Ya Ɗaya

Zuwa ga ƙanwata Togjan,

Gaisuwa mai yawa. Ya birnin Almati, ya ƙarin haƙurinmu? Na ji a rediyo ana haɗa littafin mata masana, kuma ke aka ba shafin Mama, da aikinta kan tuffar daji. Na yi murna har na bar madara ta ƙone. Abu ɗaya nake roƙo: inda ake jera 'ya'ya, ki sa sunana. Ga busasshen cuku nan na ba direba, ki ba yara.

Yayarki, Kulash

Zuwa ga Kulash,

Bayan gaisuwa, cuku ya iso, gishiri ya yi masa yawa. Shafin na ilimi ne, gaskiya kawai yake ɗauka. Ke 'yar fari ce, kakarmu ta karɓe ki bisa al'ada, kika zama autarta, ƙanwar Baba. Tun da na yi wayo "jenge" nake ji kina ce wa mahaifiyata Farfesa Zauresh, wato matar yaya. Yanzu da suna ya zo ta zama Mama? A asibiti ma likita ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce ɗaya. Ina wurin.

Ki huta lafiya. Dakta Togjan

Togjan,

Ina gaisuwa, ko da yake ba ki tambayi lafiyata ba. Ina cikin tsumma aka raba ni da nononta, wa ya nemi shawarata? Sau ɗaya na ce mata Mama a gaban baƙi, kaka ta buge min baki da cokalin shayi, Mama kuwa ta sunkuyar da kai tana ta zuba wa mutane shayi. Duk bazara in ta zo hawan dutse ni ke riƙe mata jaka, ke kina birni kina tsoron ƙaya. Layi ɗaya ne fa, Togjan. Jikokina su buɗe su ga daga inda na fito.

Yayarki dai, Kulash

Zuwa ga Kulash,

Gaisuwa. An buga littafin, ga shafin nan. Ki daina kuka, sunanki ya shiga. Duba can ƙasa: "Ta bar 'ya ɗaya, Togjan. Muna godiya ga ƙanwar mijinta, Kulash, wadda ta riƙa ɗaukar mata jaka." Ki ba jikokin naki su karanta miki, rubutun ƙanana ne.

Dakta Togjan

Togjan,

Na gaishe ki. Na karanta da kaina. Kin ce a asibiti ta ce ɗaya, kina tsaye a kanta. Kin tambaye ta wacce? Na san ba ki tambaya ba, kuma yanzu babu wanda za ki tambaya.

Ki gaida yara.

Goggonki, Kulash