Gonar Bakin Rafi

Dirin Daji, cikin bazara

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinka. Ina fatan kana lafiya. Mu nan kalau, sai dai Inna da ciwon gwiwa. Liman ke rubuta mini wannan.

Damina biyu ke nan da ka bi masu haƙar zinariya. Ban manta da abin da ka faɗa a bakin ƙofa ba, cewa ba ka iya kallon gonar Baba yadda suka bar ta, rami nan rami can, jar ƙasa a sama, baƙar a binne. Bara na shuka dawa, ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya ta bushe.

Ran kasuwa malamin gona ya zo daga Zuru. Ya ɗebi ƙasa wuri uku, ya zuba a kwalba da ruwa, ya girgiza, har ya ɗanɗana da harshe, mata na dariya. Ya ce ƙasar ba ta mutu ba, tsami ta yi. A cike ramukan, a watsa toka, shanu su kwana a kai, a fara da wake kafin dawa.

Yayana ya aiko in dawo gida Dabai. Na ce a'a.

Taka,
Rahmatu

Dirin Daji, farkon damina

Maigida,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar jikinka. Inna na sa maka albarka kullum.

Amsarka ba ta zo ba. Fatake sun ce sun gan ka wajen Birnin Gwari, ka rame, kana tari. Da na ji, na ture kwanon tuwona gefe.

Ramukan nan ni da Inna da matan unguwa muka cike su da ƙwarya, shekara guda cur. Tokar kowane murhu na bi na roƙa. Hajjo mai nono ta lallashi mijinta, shanunsu suka yi rani a gonar. Da daminar bara wake ya rufe jar ƙasar nan, har fara ta dawo tana tsalle a cikinsa. Malamin ya sake zuwa, ya murza ƙasar a tafinsa, ya ce gefen rafi ya isa dawa.

Jiya na tsaya a can ni kaɗai, na yi kuka, ban san ko na murna ba ne.

Ba zinariya nake jira ba. In kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe ka, babu mai tambayarka. Gefen rafin ban taɓa shi ba, ko kunyar shuka ɗaya ban tayar ba. Na ce da kowa maigidan zai huɗe shi da kansa. Ruwa ya sauka sau uku. Ka taho.

Matarka,
Rahmatu