Kafin Su Fasa Tudun Bayan Gida

Zuwa ga Yaya Sha'aban,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Ni lafiyata ƙalau a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, sai dai zafi da ruwan sama da ba sa gajiya. Amma tun da ƙanwarmu Shatu ta gaya mini a waya cewa masu fasa dutse sun kawo motocinsu bayan gidanmu na Kazaure, zama ya gagare ni. Jiya na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Sanyuanli ba tare da wata buƙata ba, na zaga kasuwa na dawo hannu rabbana.

Ka san karatuna na tsara filaye ne, kuma aikin ƙarshe da aka ba mu shi ne zana rami ɗaya na filin golf, wasan da ake buga ƙaramin ƙwallo da sanda zuwa cikin rami. Malaminmu, wani dattijo ɗan ƙasar nan, ya ba mu tarihin abin. Ya ce filayen farko a bakin tekun Scotland iska da tumaki ne suka fara tsara su, mutane suka bi. Daga baya Amurkawa suka ƙetara teku, suka auna ramukan da suka yi suna, suka koma gida suka gina irinsu, har suka zama samfurin da ake kwaikwaya zuwa yau. Ya nuna mana wani ramin da ake kira Redan, wanda ƙasarsa ta karkace ta gangara baya, ƙwallo ba ya zama sai an biyo da shi ta gefe. Yaya, ina ganinsa na gane shi. Tudunmu ne sak, inda muke gangaro da goruba ta kauce ta faɗa kwari.

Na roƙe shi ya bar ni in yi samfurina daga tudunmu maimakon na Turawa. Da farko ya ƙi, ya ce ba a auna ƙasa da ƙwaƙwalwar mai kewar gida. Na yi ta sintiri a ofishinsa har ya gaji, ya ce in kawo hotuna kafin ƙarshen wata, in ba haka ba in kwafi na littafi kamar kowa.

Don Allah ka je da safe ka ɗauko mini hoton tudun ta kowace fuska, ka tsayar da ɗanka Maidaji a gangaren don in gane tsayinsa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Idan ka tarar sun riga sun ci gefen gabas, kada ka ɓoye mini don tausayi. Ka ɗauki abin da ya saura, sauran ni zan cike.

Ka gaida Inna, da Baffa Dogara, da Nana Aisha da yara.

Ƙaninka mai jiran saƙonka,
Ma'azu